Jirgin Aline Sitoé Diatta: kwana a kan teku daga Dakar zuwa Ziguinchor

Duk wanda zai je Ziguinchor, babban birnin yankin Casamance a kudancin Senegal, daga Dakar, ƙasar Gambiya ce ta tare masa hanya. Ko dai ya bi mota ya ratsa iyaka sau biyu, ko ya hau jirgin ruwa ya zagaye ta teku. Ni jirgin na zaɓa, kuma shi nake ba kowa shawara ya hau, duk da tun 2019 da aka buɗe gadar Senegambiya a kan Kogin Gambiya tafiyar mota ta yi sauƙi.

Kamfanin Fassmer ne ya ƙera jirgin a Jamus, ya fara aiki a 2008. Tsawonsa mita 76, yana ɗaukar fasinja 504 da motoci 28. An sa masa sunan wata jarumar Casamance da ta bijire wa Turawan mulkin mallaka na Faransa, suka kai ta Timbuktu, can ta rasu a 1944.

Ba za ka fahimci ƙirar wannan jirgi ba sai ka san wanda ya gada. Ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola ya kife a gaɓar Gambiya a kan wannan hanya. An gina shi don mutum 580, amma alƙaluman gwamnati sun ce mutum 1,863 ne suka mutu, 64 kacal suka tsira. Lodi ya wuce ƙima, mutane sun cika saman jirgi, nauyi ya koma sama maimakon ƙasa, iska da ruwan sama suka taso cikin dare, cikin 'yan mintuna ya kife.

Shi ya sa abin da ya fi burge ni ya faro tun kafin in taka jirgin. Tikiti da sunanka ake yanka shi, sai ka nuna fasfo ko katin shaida, kuma an duba nawa fiye da sau ɗaya kafin in shiga. Manyan jakunkuna ana karɓa a auna su a tafi da su, kamar a filin jirgin sama. Kowane tikiti yana da mazauninsa, ko kujera ko gado. Ba wanda zai ce maka “matsa kaɗan, akwai wuri”. Ni da na san yadda ake cika kwale-kwale a Kogin Neja, na kuma tuna mutum sama da 100 da suka rasu a Patigi a 2023 suna dawowa daga biki, wannan ƙidayar ta taɓa mini zuciya ƙwarai. Ba na ganin ta a matsayin ɓata lokaci ko kaɗan.

Tsarin ciki ma haka yake. Motoci da kaya masu nauyi suna ƙasa, suna shiga ta wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe da ake saukewa ta zama gada. Mutane suna benayen sama. Akwai zauren kujeru, wanda shi ne mafi araha, sai ɗakuna masu gado 8, masu 4, da masu 2. Na kama gado a ɗaki mai 4, ɗan matsattse ne amma da tsabta, kuma na miƙe ƙafa na yi barci. Akwai wurin cin abinci. Jiragen ceto masu ruwan lemo suna rataye a gefe inda kowa ke ganinsu, na kuma nemi rigar ceto na san inda take kafin in kwanta.

Sai dai teku teku ce. Jirgin da zai shiga Kogin Casamance har Ziguinchor dole ne cikinsa kada ya nutse da zurfi, saboda yashin da ke bakin kogin, kuma irin wannan jirgi yana jin igiyar ruwa idan ya fita Atlantika. Tsakar dare ya yi ta jijjiga mu, wasu suka yi ta fama da jiri da tashin zuciya. Ni sallar asuba a zaune na yi ta. Mai saurin amai ya sha magani tun a Dakar, kuma kada ya cika cikinsa da daddare.

Da gari ya waye jirgin ya shiga kogi, ruwa ya kwanta. Nan ne kuɗinka ke fita: itatuwan bakin ruwa hagu da dama, masunta a kwale-kwalensu, ga kifayen dolfin suna bin jirgi suna tsalle. Ya tsaya a tsibirin Carabane ya sauke wasu, sannan muka ƙarasa Ziguinchor da hantsi, bayan tafiyar wajen awa 15.

Idan aljihunka zai iya, kama gado, domin dare a kujera yana da tsawo, musamman ga mai yara ko dattijo. Ka riƙe ƙaramar jaka da abin da za ka buƙata da daddare da rigar sanyi, tunda babbar ba za ka sake ganinta ba sai kun sauka. Tikiti kuwa ka yanka da wuri, musamman gab da salla ko lokacin hutun makaranta, don idan wuri ya cika ba za a ƙara ko mutum ɗaya ba.