Agogon Zamani A Ingila: Na Masu Waya Ko Na Masu Agogo?

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara, kuma zafin Birnin Kebbi ya yi muku sauƙi. Ka ce in bincika maka agogon zamani da ake haɗawa da waya kafin ka zuba kuɗi ka sa shi a shago. Na zaga shagunan Manchester, na kuma tambayi abokan aiki masu ɗaurawa.

Wanda ya fi yawa a hannun mutane nan shi ne Apple Watch, wanda ya shigo kasuwa a 2015. Fuskarsa mai kusurwa huɗu ce, ta Samsung kuwa zagayayya ce kamar agogon da muka saba. Da Apple Watch ɗin suke biyan kuɗin bas da cefane, sai dai mutum ya kara hannu a jikin na'ura ya wuce. Yana auna bugun zuciya, yana ƙirga taku, kuma idan dattijo ya faɗi shi kaɗai a ɗaki bai motsa ba, agogon na iya kiran masu agaji da kansa. Wannan ya burge ni ƙwarai, don a ƙasar nan tsofaffi da yawa su kaɗai suke zaune.

Masu ƙera agogo na asali su ma sun gwada. TAG Heuer na Suwizalan ya fitar da nasa a 2015 ɗin. In ka riƙe shi a hannu ka san an yi aiki, ƙarfen da madaurin duk sun fi na kamfanonin waya kyau da nagarta. Amma manhajar da aka fara sa masa ta Google ce, kuɗinsa kuma ya ninka na Apple sau da yawa. Shi kuwa Fossil na Amurka a 2024 ya sanar da cewa ya bar sana'ar agogon zamani gaba ɗaya. Abin da na fahimta shi ne, mai sayen agogon Suwizalan yana son abin da zai bar wa ɗansa gado, agogon zamani kuwa bayan 'yan shekaru batirinsa ya gaji, kamfani ya daina sabunta masa manhaja, komai tsadar ƙarfen da aka lulluɓe shi da shi. Saboda haka in dai a kan agogo mai ƙwaƙwalwa ake magana, masu waya sun yi gaba.

Sai dai Yaya, hukuncin Manchester daban, na Kebbi daban. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, alhali yawancin masu shigo maka shago Tecno, Infinix ko itel ne a aljihunsu. Kuma kusan kullum sai an sa shi caji. Wanda ke fama da neman inda zai cika waya in an ɗauke wuta, ba zai so ƙarin wani abin caji ba. Biyan kuɗi da agogo ma bai da wuri a inda ake tiransifa da POS.

Shawarata ka nemi masu riƙe caji. Huawei da Amazfit suna da waɗanda ke kai mako ɗaya zuwa biyu, suna kuma aiki da wayoyin Android. Garmin, wanda asalin sana'arsa GPS ce, yana da ƙarko sosai, har da masu ƙara caji da hasken rana, amma da tsada. Withings na Faransa ya fi kwanta mini a rai: fuskar agogo ce mai hannaye, wadda dattijo zai ɗaura da babbar riga ba wanda zai ce abin yara ne, cajinsa kuma yana kai kusan wata guda.

Kada ka janye Casio da Al-Fajr daga gilashin gaba. Ka kuma yi hattara da jabu masu kama da Apple, awon zuciyarsu ba abin dogaro ba ne, kada mai hawan jini ya saya ya saki maganinsa. Ka faɗa mini nawa ka ware, in aiko maka samfuri biyu ta hannun mai tahowa Abuja. A gaida Inna da Gwaggo.