Kaza ta ji rauni: a bar ta cikin 'yan'uwanta ko a ware ta?

Barin ta a cikin sauran kaji yana da amfaninsa. Kaza ba ta son kaɗaici, kuma ganin 'yan'uwanta suna tsattsagar dusa yakan sa ita ma ta ci. Idan ɗingishi ne kawai, babu jini, tana iya kai kanta ga ruwa, to a bar ta, a dai riƙa sa ido.

Amma da zarar fata ta yage, ko muzuru ne ya yakushe ta ko shaho, magana ta canja. Kaji na ganin jan jini sai su hau caccakar wurin, ƙaramin ciwo ya zama rami kafin yamma. Zakara ma ba ya tausayi, zai hau ta ya ƙara buɗe raunin. Ga ƙuda, musamman lokacin zafi, yana yin ƙwai a ciwo har tsutsa ta fito.

Warewa ke maganin wannan. Za ka wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka shafa shuɗin maganin nan GV, wanda ke ɓoye jan launin, ka kuma san abin da ta ci. Illar warewa ɗaya ce: in ta daɗe ba su gan ta ba, ranar komawa za su tare ta da faɗa kamar baƙuwa.

Ni dai in akwai jini ware ta nake yi, amma ba a ɗaki ba. Kwando mai ramuka nake kifa mata a inuwa kusa da akurki, suna ganin juna, baki bai kai gare ta ba. Idan ciwon ya bushe, sai a mayar da ita da daddare.