Horon sanin al'adun juna a wurin aiki: ya amfane mu, amma da sauran gyara

Ma'aikatarmu ta ɗauko wani kamfanin horaswa ya koya mana zama da abokan aikin da al'adarsu ta bambanta da tamu, kuma na halarta daga farko har ƙarshe. Kuɗin bai tafi a banza ba, sai dai kashi na farko ya fi na biyu nesa ba kusa ba.

An gina kashi na farkon ne kan bayanin Edward Hall, masanin Amurka da ya nuna a 1976 cewa wasu al'ummu kan faɗi magana kai tsaye, wasu kuwa sai ka lura da murya, da yanayi, da abin da aka ƙi faɗa. Mai horon ba ta cika mu da lacca ba. Ta haɗa mu biyu-biyu, ta ba kowa kati a ɓoye. Nawa ya ce in nemi a gama rahoto kafin ƙarshen mako, na abokin aikina kuma ya hana shi furta "a'a" ko da aikin ya fi ƙarfinsa. Sai ya riƙa cewa "zan duba", "aikin da ɗan yawa fa", idonsa na kan tebur. Da aka tambayi masu kallo, yawancinsu suka ce ya amince. Ashe ƙi ya yi, cikin ladabi. Nan ɗakin ya kaure da muhawara, don kowa ya tuno wani da ya taɓa ɗauka mai saɓa alkawari ne, ko mai rashin kunya. Malaman makaranta ma ya kamata su ga wannan darasin, saboda ɗalibin da ya sunkuyar da kai ba lallai ne rashin gaskiya ke damunsa ba.

Kashi na biyu ne ya sanyaya mini gwiwa. An kawo ma'aunin bambancin al'adun ƙasashe na Geert Hofstede, masanin ƙasar Holland, wanda ya samo asali daga binciken ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM tsakanin 1967 da 1973, aka riƙa jera ƙasashe da maki kamar sakamakon jarrabawa. Ma'aunin yana da amfani, amma matsakaicin ƙasa yake nunawa, ba halin mutumin da ke zaune kusa da kai ba. Mai horon ta faɗi haka sau ɗaya ta wuce, wasu kuma suka fita da sabon kuɗin goro a bakinsu: "ai mutanen can haka suke."

Tilasta halarta da aka yi ma bai yi mini ba. Masana zamantakewa Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun nuna a 2016 cewa horo irin wannan na dole yakan jawo turjiya, na ganin dama ya fi tasiri. Na ga alamar haka a layin baya, inda ake ta latsa waya.

Duk mai shirin ɗauko irin wannan kamfani ya tambaye su tun farko: awa nawa ne na gwaji a aikace, kuma za su dawo bayan wasu watanni su ga abin da ya canza? Namu ba su sa komawa cikin yarjejeniya ba.