Inda ake kai kyanwar da ba ta da kowa

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Umma da yara da duk mutanen gida. A gaishe min da Baba Malam, a ce masa saƙon man zafin gwiwarsa yana hannun wanda zai taho ƙarshen wata.

Ranar Juma'a da muke waya ka ji kukan kyanwa a bayana, ka tambaye ni daga ina, layin ya katse kafin in ba ka amsa. Amsar tana da tsawo, shi ya sa na zauna na rubuta, domin tun da na zo Landan ba abin da ya riƙa mayar da ni unguwarmu a zuci kamar wannan al'amari.

Cikin sanyin Janairu ne, na taso daga aikin dare a sito, asuba ba ta gama yi ba. A bayan gidan da muke haya, inda ake jera manyan robobin shara, na ji wani ɗan kuka siriri. Na haska fitilar waya, sai ga kyanwa baƙa mai farin wuya ta takure jikin bango, ƙafarta ta baya tana lilo, gashinta ya jiƙe ya manne da fata har ana ƙirga haƙarƙarinta. Na tsaya ban san abin yi ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ke fita da karenta kullum da sassafe ta zo ta leƙa, ta koma ciki ta fito da kwali da tsohon tawul. Ta rubuta min adireshi a bayan ambulan, ta ce in kai ta can, ƙarfe tara suke buɗewa.

Wurin ba wani ƙasaitaccen gini ba ne. Tsohon gareji ne aka gyara, a bayan wasu shaguna. Kana shiga warin maganin goge ƙasa ne zai fara tarbarka, sai ƙarar injin wanki da ba ya hutawa, saboda tawul da barguna da ake sauya wa dabbobin kullum. Ɓangaren karnuka daban, na kyanwowi daban, kuma akwai ɗaki a keɓe na sababbin zuwa, don kada mai cuta ta shafa wa mai lafiya. A ƙofar kowane keji an liƙa kati: suna, kimanin shekaru, abin da take ci, maganin da take sha, da halinta. Na karanta wani da aka rubuta cewa tana tsoron maza masu ƙarar murya, a yi mata magana a hankali. Na daɗe a gaban katin nan.

Matar da ta karɓe ni ba ta tambayi takarduna ba, ba ta ce in biya ko sisi ba. Ta ɗauko wata 'yar na'ura kamar rimot ɗin talabijin, ta shafa a bayan wuyan kyanwar, ta sake shafawa har kafaɗu. Abin da take nema wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, wanda ake sa wa dabba ƙarƙashin fata da allura. Yana ɗauke da lamba, lambar kuma tana kai ka ga sunan mai dabbar da wayarsa a kwamfuta. A Ingila doka ta wajabta sa wa kare wannan abu tun 2016, kyanwa kuma tun watan Yunin 2024, kuma wanda ya ƙi ana iya cin tararsa har fam 500. Na'urar ba ta yi ƙara ba, wato ba a taɓa sa mata ba. Sai suka ɗauki hotonta suka baza cigiya, likita ya ɗaure ƙafar, aka zuba ido ko wani zai zo. Da kare ne, hukumar yanki ce ke riƙe shi kwana 7 bisa doka, in mai shi bai bayyana ba a nema masa wani gida.

A bas ina komawa gida, gidan mai unguwarmu ne ya faɗo min a rai. Ka tuna jar akuyar Umma da ta tsinke daga turke ana gobe kasuwa? Bayan la'asar muka same ta ɗaure a zauren mai unguwa, an zuba mata dusa, an ajiye mata ruwa a tsohon kwano. Wani bawan Allah ne ya gan ta tana gararamba ya ja ta can, bai ma faɗi sunansa ba. Muka faɗi alamarta, tsagar kunnen hagu, aka ba mu abarmu. Ashe abin da na gani a garejin nan mun san shi tun kaka da kakanni: ƙofa guda da kowa ya sani, inda ake kai abin da ya ɓata, da cigiya a masallaci ko a rediyo. Sai dai ƙofar tamu ta akuya ce da tunkiya da rago, masu kuɗi a ka. Kyanwa ba ta da ita, kare ba shi da ita.

Ni da hannuna na taɓa ɗaukar buhu da 'ya'yan kyanwa huɗu a ciki, ina ɗan aji biyar, aka ce in kai su bola can nesa don kada uwar ta gano hanya. Idonsu bai gama buɗewa ba. Na ajiye na juyo da gudu, kuma har yau in na tuna motsin buhun nan a bayana jikina yakan yi sanyi. Ba mugunta ce ta sa aka aike ni ba, gidan ne ya cika, kuma babu inda za a kai su. Alhali a makarantar allo an karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. An karantar da mu na mutumin da ya cika huffinsa da ruwa daga rijiya ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da alkunyar kyanwa duniya ta san shi.

Na ɗauka gwamnati ce ke riƙe da gidan. Ba haka ba ne. Masu albashi a wurin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran duk 'yan sa kai ne: 'yan fansho, ɗalibai, wani direban bas da ke zuwa ran hutunsa ya zagaya da karnuka. Kuɗin kuwa daga sadakar jama'a suke fitowa, da wasiyyar waɗanda suka rasu suka bar wani abu, da wani shagon gwanjo da suke da shi a kan titi, inda mutane ke kawo tsofaffin kaya kyauta a sayar. A babban kantin unguwa akwai kwando bakin ƙofa, wanda ya ga dama ya sayi gwangwanin abincin dabba ya jefa.

Kuma ba da arziki abin ya faro ba, wannan shi ya fi tsaya min. Babbar ƙungiyarsu ta hana zaluntar dabbobi, RSPCA, an kafa ta a 1824, lokacin da Landan ke cike da dawakan keke da shanun da ake korawa kasuwa da duka. Gidan karnukan Battersea da ya yi suna, wata mata ce mai suna Mary Tealby ta fara shi a 1860. A 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, wata matar, Maria Dickin, ta buɗe ɗakin magani a ƙarƙashin wani gini a Whitechapel, unguwar talakawa da ba ta da nisa da inda nake zaune, tana duba dabbobin marasa hali kyauta. Ƙungiyar tata, PDSA, tana nan har gobe. Mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, a cikin mutanen da su ma abincin yau ne damuwarsu.

Mako uku ba wanda ya zo neman kyanwar. 'Yarka kuwa tun da ta ga hoton ba ta bar ni na huta ba, don haka muka koma muka ce muna so. Na zaci miƙo mana za su yi. Sai da muka cike takarda: gidan haya ne ko namu, mai gidan ya yarda, akwai babban titi kusa, awa nawa gidan ke zama ba kowa, wa zai kula da ita in mun tafi Kano hutu. Da farko abin ya ɗan sosa min rai, na ga kamar ana tuhumata. Daga baya na tuna yadda Baba Malam ya yi ta bincike kafin ya yarda a ba da riƙon ɗan marigayi ƙaninsa, sai na saki raina. Riƙon ma suna da shi: jariran dabbobin da uwarsu ta mutu, ana ba wa wasu iyalai su raine su da bulumboti har su yi ƙwari, sannan a dawo da su. Mun biya kuɗin karɓa, amma an ba mu ita da rigakafinta, da maganin tsutsar ciki da na ƙuma, an sa mata ɗan ƙarfen, an kuma yi mata aikin hana haihuwa. Wannan na ƙarshen ya dame ni, don mu fiɗiyar bunsuru muka sani, ba yanka cikin mace ba. Amma kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, ta kuma haihu sau biyu ko uku a shekara. Da na lissafa, sai buhun nan ya dawo min.

Kada ka ɗauka komai na nan ya burge ni. Mutum in ba shi da lafiya ana duba shi kyauta a asibitin gwamnati, dabba kuwa babu wannan, kuma kuɗin likitanta na tashin hankali ne. Ganin likita kawai, kafin magani, ya kai ladan aikina na sa'o'i. Shi ya sa mutane ke biyan inshorar dabba duk wata. Da yawa daga cikin dabbobin gidan nan ba ɓata suka yi ba, masu su ne suka kawo su suna kuka: an kore su daga haya, sabon mai gida bai yarda da dabba ba, ko kuɗin magani ya gagara, ko tsohuwar da ke zaune ita kaɗai da kyanwarta ta rasu, 'ya'yanta suna wani gari. Wadda ciwonta ya wuce magani kuma allura ake mata ta cika, ba na iya tsayawa a ɗakin. Sannan akwai wuce gona da iri. A kanti layi guda cur na abincin kare ne da kyanwa, har da riguna da kek na zagayowar ranar haihuwa, ga mutum kwance a bakin tashar jirgin ƙasa cikin sanyin da ke ratsa ƙashi. Wannan ba zai taɓa kwanta min ba. Kyanwar Umma da ke cin kan kifi da ragowar tuwo, ta kama ɓeranta, ta haura katanga ta dawo, ban ga abin da ta rasa ba in dai tana da lafiya. Kuma yadda kake duban rago daga nesa ka gane ba ya tuƙa, ka buɗe bakinsa, ka taɓa kunnensa, ban ga mai wannan idon a nan ba sai wanda ya yi karatun likita.

Inda suka yi mana nisa na gaske shi ne ciwon haukan kare. An kawar da shi daga dabbobin ƙasar nan tun 1922. Yaro zai ga kare a titi bai ɗauki dutse ba, domin ba a raine shi da tsoron da aka raine mu da shi ba. Tsoron namu kuwa yana da dalili. Ka tuna yaron bayan layinmu da kare ya yaga a sangali, aka shafa masa magani aka ɗaure, bayan 'yan makonni ya fara firgita in ya ga ruwa. Ba na son in ƙarasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ciwon nan duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In alamu suka bayyana babu magani, amma kafin nan akwai. Don Allah ka gaya wa matan gida: duk wanda kare ya ciza ko ya karta, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar don allurai, kada a jira a ga ko karen mahaukaci ne. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar takan daina yawo. Allurar karnukan kuma ba sai an zo Turai ba, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin ta. Jifa da kisa da muke yi in an yi cizo ba ya rage komai, wasu karnukan ne ke shigowa su cike gurbin.

Jakuna ma suna da gidansu a nan, a garin Sidmouth, ƙungiyar da aka kafa tun 1969. Ban je ba tukuna, amma da na ji labarinsa jakunan yashi na tuna, waɗanda ke wucewa ta ƙofar gidanmu da mangala, gyambo a ƙarƙashin akumari, an lafta masa baƙin mai don ƙuda.

Yanzu ina zuwa garejin nan duk Asabar, ina wanke keji da kwanuka. Ga abin da nake roƙonka. Ka samu lokaci ka leƙa asibitin dabbobi na Gwale, ka tambayo min nawa ake yi wa kare ɗaya rigakafi, kuma ko likita zai yarda ya zo unguwa in an tara su wuri guda. Ka yi magana da mafarautan bakin kasuwa da masu gadi, su ne masu karnukan, kuma sun fi jin maganarka. Kafin nan ka fara sanar da mai unguwa, in ya amince a yi a ƙofar gidansa ranar Lahadi. Kuɗin zagayen farko ni zan turo. Kangon Baba da ke bayan gida kuma, ka duba ko ɗakin da bai rushe ba zai rufu da kwano biyu ko uku, don yaran layin su san inda za su kai 'ya'yan kyanwa maimakon bola. Zan rubuta wa Baba Malam da kaina in nemi izininsa.

'Yarka ta sa wa kyanwar suna Dala. Tana ɗan ɗingishi har yanzu in sanyi ya yi yawa, kuma wurin kwananta kan dardumar sallata ne. Zan kira ka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka ajiye min farashin a takarda.

Ƙaninka.