Alekzandirit ko Nd:YAG: wace leza ta dace da baƙar fata?

Ɗan'uwa, ka ce ƙurajen aski sun addabe ka a wuya da ƙarƙashin haɓa, ka tuntuɓi wurare biyu masu cire gashi da leza, ɗaya a Yamai ɗaya a Kano. Na farko ya ce injinsa alekzandirit ne, na biyu ya ce Nd:YAG, kai kuma kana son sanin wanne ya cancanci kuɗin motarka daga Maradi. In fatarka irin tamu ce, baƙa ko wankan tarwaɗa mai duhu, Nd:YAG za ka nema.

Dukansu biyu dutse ne ke aikin. A cikin injin akwai wata sanda mai garai-garai kamar gilashi, wadda kaurinta bai wuce na biro sosai ba. Ba haƙo ta ake yi ba, a masana'anta ake narka sinadarai a ja ta a hankali har ta daskare. Dutsen zalla ba ya ba da hasken leza, sai an ɗiga masa wani ƙarfe kaɗan tun yana narke. Fitila mai walƙiya ta haska sandar, ƙwayoyin ƙarfen su sha hasken su amayar da shi launi guda, madubai biyu su yi ta mayar da shi har ya fito tsinin allura.

Kakansu shi ne jan yaƙutu, wanda Theodore Maiman ya kunna ranar 16 ga Mayu 1960 a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu, Amurka. Nd:YAG ya biyo baya a 1964 daga ɗakin binciken Bell, aikin Geusic da abokansa. Ƙarfen da aka ɗiga masa niyodimiyom ne, wajen kashi 1 cikin 100. Alekzandirit ne autansu, sai ƙarshen shekarun 1970 ya fito daga kamfanin Allied Chemical. Abin sha'awa, kuromiyom ne a cikinsa kamar yadda yake a yaƙutu, amma da yake dutsen da ya sauke shi daban ne, yaƙutu na ba da haske mai tsawon zango nanomita 694 (wato ma'aunin da ke bambanta launin haske), shi kuma 755. Nd:YAG yana can nesa a 1064, inda ido ba ya gani sam.

Waɗannan lambobi su ne gaba ɗayan maganar. Tun 1983 masu bincike biyu, Anderson da Parrish, suka bayyana dabarar a Boston: a zaɓi hasken da abin da ake son ƙonawa yake sha fiye da maƙwabtansa. Abin da ke shan hasken a jikin gashi shi ne melanin, sinadarin da ke ba shi baƙi. To mu kuwa wannan melanin ɗin ne ya cika saman fatarmu. Wanda ya taɓa sa baƙar riga ya ratsa babbar kasuwa da azahar a watan Afrilu ya san yadda baƙi ke jan zafi. Melanin na shan 755 da ƙarfi, saboda haka a jikin Bature mai baƙin gashi alekzandirit yana wuce fata ya tafi kai tsaye ga saiwar gashin. A jikinka tun a bakin ƙofa fata za ta tare hasken ta sha rabonta, daga nan sai ƙuna, bororo, ko tabo mai duhu ko fari-fari da zai iya daɗewa watanni. Shi 1064 melanin ba ya shan sa sosai, ga shi yana nitsawa ƙasa, sai ya tsallake saman fata ya iske saiwar gemu inda take.

Ba wai Nd:YAG ba shi da aibu ba. Da yake gashin ma ba ya shan sa da yawa, dole a ƙara ƙarfi, kuma mutane da dama sun fi jin zafinsa. A kan siririn gashi ba ya kai alekzandirit aiki. Sa'arka gashin gemu mai kauri ne, irin abin da ya fi kamawa ke nan. Furfura kam duk cikinsu ba mai taɓa ta, babu baƙin da zai sha hasken. Zama ɗaya kuma ba ya isa, don ba duk gashi ke tsiro lokaci guda ba. Za a riƙa sa maka rana bayan makonni, sai ka haɗa wannan zirga-zirgar cikin lissafin sefarka. Abin da za ka samu raguwar gashi ce mai ɗorewa, wanda ya yi maka alkawarin ba zai ƙara fitowa ba har abada ya cika baki.

Kafin ka kama hanya, ka buga musu waya ka tambayi lamba, 755 ko 1064. Wasu injina suna ɗauke da duka biyun, sai ka ce a sa maka 1064. Ka tabbatar mai dogon bugu ne, wato wanda kowace walƙiyarsa ke ɗan daɗewa, domin akwai Nd:YAG mai gajeren bugu da ake goge zanen jiki da shi, irinsa kuma likitocin ido ke share dushin da ke dawo wa tsofaffinmu bayan aikin yanar ido. In sun ce IPL, wannan fitila ce mai gauraye launuka, ba leza ba, kuma ta fi haɗari ga baƙar fata. Ka faɗa wa likitan in kana shafa man ƙara haske ko kana shan wani magani. Kada ka yarda a kunna injin ba tabarau na musamman a idonka da na mai aikin. Sannan ka nemi a fara gwadawa a ɗan wuri ƙarƙashin muƙamuƙi, a jira kwanaki a ga yadda fatar ta karɓa kafin a shiga wuyan gaba ɗaya.