Wurin Baba mai dashe na hanyar Daura, inda muka sayi itatuwan furojek ɗinmu

Duk ɗan makarantar da aka ba aikin shuka itace a Katsina, ko malamin bayoloji da ke neman inda zai kai ɗalibai su ga abu da idonsu, shawarata ku je wurin dattijon nan mai rainon dashe a gefen hanyar Daura in an ɗan fita gari. Ba shi da allo balle suna, kowa Baba yake ce mashi, za ka gane wurin da jerin baƙaƙen ledoji ƙarƙashin rumfar zana da rijiya a tsakiya. Wurin na da matsaloli kuma zan faɗe su, amma wallahi da za a sake ba mu aikin nan can zan sake komawa.

Mu 'yan SS2 ne lokacin, zango na uku, Malam ya raba mu gurup gurup ya ba kowa batu a kan muhalli, mu aka ba mu kwararowar hamada. Tambayar da za mu amsa ita ce wane itace ne zai iya rayuwa a filin makarantarmu in ba a samun ruwa kullum. Kuma abin ya shafe mu kai tsaye don Katsina na cikin jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa na shuka itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal har Jibuti wajen kilomita 8,000, Najeriya ma ta kafa mashi hukuma ta musamman a 2015. Wannan duk mun rubuta shi a gabatarwa, amma Malam ya ce shi ba kwafe-kwafen intanet yake so ba, itace yake son gani a ƙasa da teburin awo a takarda.

To sai muka shiga neman dashe. Yawancin masu sayarwa na bakin titi a cikin gari fulawa ce da su, da itacen turare da mangwaro da gwaiba da dogayen itatuwan kwalliyar nan da ake jerawa gaban manyan gidaje, in ka ce kana son gawo ko aduwa sai su ce wannan ai a daji yake. Wurin Baba kuwa mun tarar da gawo, bagaruwa, aduwa, magarya, tsamiya, kuka, ɗorawa, ɗakwara, zogale, ga bedi wato darbejiya da yawa, har da 'yar kanya kaɗan. Shi da kanshi yake tara irin. Wannan kaɗai ya isa a je.

Amma abin da ya fi burge ni kafin ya ɗauko mamu ko leda ɗaya sai da ya zaunar da mu kan benci ya yi ta tambaya. "Samari, rijiya gare ku a makarantar ko burtsatse?" Muka ce Baba famfo ne, wata rana ya kawo wata rana shiru. "Akwai katanga? Awaki na shiga? In aka yi hutu wa zai ba su ruwa?" Wasu a cikinmu mangwaro suke so da yawa, don ai shi ne mai daɗi kuma za a daɗe ana tuna mu da shi, ya ce a'a. Ya ce mangwaro ɗan aure shi ne mafi tsada a wurinshi kuma da zai so ya sayar mamu da shi, amma in zafin Afirilu ya zo ba ruwa kuɗinmu ne zai ƙone, mu ɗauki biyu kawai mu kwatanta da na gida. Ni dai ban saba ganin ɗan kasuwa ya hana ka sayen abin da ya fi kawo mashi riba ba.

A kan gawo ne muka fi ƙaruwa da shi, kuma a nan ne furojek ɗin ya zama abin gaske. Kowa ya san gawo yana yin akasin sauran itatuwa, da damina ya zubar da ganye ya tsaya kamar ya bushe, da rani kuma ya yi kore shar. Baba ya ce shi ya sa manomi mai hankali ba ya sare gawo a gonarshi, da damina ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya ruɓe ya zama taki, da rani dabbobi su taru a inuwarshi suna cin 'ya'yanshi suna zuba kashi, sai ka ga geron gindin gawo ya fi na ko'ina a gonar. Da muka koma littafi sai ga ƙarin bayani, ashe gawo dangin wake ne, akwai ƙwayoyin halitta a saiwarshi da ke kamo naitirojin, wato sinadarin da tsiro ke buƙata don girma, daga iska su sa a ƙasa. Shi Baba bai taɓa jin naitirojin ba amma abin da ya faɗa mamu da abin da ke littafi babu inda suka saɓa, ni wannan ya tsaya mani a rai sosai.

Sannan ya koya mamu yadda ake tsirar da irin. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa da ta kuka duk ɓawonsu na da tauri, ruwa ba ya shiga da wuri, in ka binne haka kawai sai ka gaji da jira. Ya ce ko dai ka tafasa ruwa ka sauke ka zuba irin a ciki ya kwana, ko ka ɗan ƙwarzane gefen ƙwayar da abin yankan farce amma kar ka taɓa wajen idon, ko kuma ka tsinto waɗanda suka fito a kashin awaki don cikin dabba ya riga ya tausasa su. Nan take shugaban gurup ɗinmu ya ce ai wannan ma gwaji ne, Baba ya ba mu irin gawo cikin hannu kyauta, muka raba uku a ledojin fiya wata da muka tsinto a makaranta, kashi ɗaya ba a yi mashi komai ba, ɗaya ruwan zafi, ɗaya ƙwarzanewa. Wanda aka ƙwarzane shi ya riga fitowa kuma ya fi yawa, na ruwan zafi ya biyo baya, wanda ba a taɓa ba kuwa 'yan tsiraru ne suka leƙo. Wannan teburin shi Malam ya fi yabawa a duk rahoton. Bedi kuma akasin haka ne, ya ce irinshi ba ya ajiyuwa, in ya nuna ya faɗo ka wanke ka shuka da wuri, in ya yi makonni a ajiye ya mutu.

Akwai kuma wani abu da ya faɗa wanda ba ya buƙatar ka sayi komai a hannunshi. Ya ce mu zaga bayan azuzuwa mu duba kututturen sabara da kalgo da ake sarewa duk shekara suna sake tohowa, mu zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan mu bari mu datse sauran, mu kare su daga dabbobi. Ya ce saiwarsu ta daɗe a ƙasa ta riga ta kai ga laima, ba su buƙatar ko kofi ɗaya na ruwa daga gare mu. Da muka gaya wa Malam sai ya ce ai wannan ne sassaben zamani da manoman Maraɗi suka fara a shekarun 1980 tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, kuma da wannan dabarar aka farfaɗo da ƙasa wajen hekta miliyan 5 a Nijar da itatuwa kusan miliyan 200. Maraɗi fa, nan bayan Jibiya. Muka ƙara shi a aikin, kuma gaskiya kalgon da muka gyara ya wuce duk abin da muka dasa tsawo nesa ba kusa ba.

Kuɗi ba laifi. Lokacin da muka je ƙananan na gida naira 200 zuwa 300 ne, mangwaro ɗan aure 1,500, ba ya tsawwalawa kuma ya yi mamu gyara da zogale da ya ji karo-karo muka yi daga kuɗin tara. Sai dai tsaba yake karɓa, babu taransifa babu POS.

Yanzu abubuwan da ba su yi mani ba. Na farko babu lakabi a jikin ledojin ko ɗaya, shi ya san kowanne da ido amma kai ɗalibi gawo da bagaruwa da ɗakwara suna ƙanana duk ganyensu kusan iri ɗaya ne, ga ƙaya ga ƙananan ganye. Ranar da muka koma ɗaukar kayan Baba yana gona, yaronshi ne ya loda mamu a kurkura ya cakuɗa su, sai da muka kwashi wasu muka mayar washegari aka tantance, kuɗin mota biyu ke nan. Ga aikin da kowane itace sai an ba shi lamba an rubuta sunanshi na Hausa da na kimiyya wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Kuma yaron ba ya iya amsa tambaya, ka ce mashi wannan watanshi nawa a leda sai ya ce sai Baba ya dawo.

Na biyu babu rasit, mu kuma an ce mu kawo shaidar yadda muka kashe kuɗin gurup, sai a fallen littafi muka rubuta Baba ya dangwala hannu.

Na uku shi ne ya fi ci mani rai. Wasu daga cikin tsamiya da gawon sun daɗe a leda har saiwarsu ta huda ƙasan ledar ta shiga ƙasa, da aka ɗaga sai ta tsinke, wasu kuma ta nannaɗe a ciki. Waɗannan su suka fara mutuwa bayan dashe, duk da ruwan Agusta na sauka sosai. Da muka koma muka faɗa mashi bai yi musu ba, ya ce laifin wurinsu ne ya kamata a riƙa gusar da ledojin ana datse saiwar da ta leƙo, ya canza mamu ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Na ji daɗin haka amma lokaci ya riga ya tafi, waɗanda aka canza ba su samu damina cikakkiya ba kuma sai da muka ware su daban a teburin awo. Don haka ku ɗaga kowace leda ku duba ƙasanta da kanku, kuma kar tsawo ya ruɗe ku, gajere mai kaurin jiki ya fi dogo siriri.

Yadda ya ce mu dasa kuwa haka muka yi, rami kamar kamu ɗaya zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki ba ɗanye ba, a yaga ledar a hankali kar ƙasar ta warwatse, a yi ɗan gurbi kewaye da gindin don ya tara ruwa, a barbaɗa toka saboda gara, sannan a kewaye da ƙaya. Ƙayar nan kar ku yi wasa da ita, akuya ɗaya za ta iya gama da aikin zango guda kafin a tashi daga sallar azahar. Wahalar gaske a hutu take, mun yi jadawali a WhatsApp na masu zuwa awo da rula duk Asabar, wasu suka riƙe amana wasu sai uzuri, an ɗan yi cacar baki har sai da Malam ya ce maki zai bi sunan wanda ya sa hannu a takardar awo, daga nan kowa ya gyara.

Da ruwa ya ɗauke hunturu ya shigo sai bambanci ya fito fili. Bedi da zogale sun yi saurin tashi, aduwa da magarya da bagaruwa ba su damu ba ko an yi kwanaki ba a ba su ruwa ba, turare na laushi da zarar famfo ya ɗauke, mangwaro ɗaya ya tafi ɗayan kuma da jarka muke riƙe da shi. Gawo ne ya tayar mamu da hankali don sati bayan sati rula kusan abu ɗaya take nunawa, har wani ya ce mu rubuta cewa ya gaza. Na koma na tambayi Baba ya ce, "Ɗana ku bar shi, ƙasa yake yi tukuna, saiwa yake turawa ta nemo ruwa, in ta samu za ku ga sama." Haka muka rubuta a rahoton, cewa tsawon da ake gani a watannin farko ba ya nuna wanda zai rayu, kuma da zafi ya zo ba mu rasa gawo ko ɗaya ba cikin masu lafiyar saiwa.

In za ku je ku je bayan la'asar, da damina safiya yana gona kuma ranar Juma'a ba ka cika samunshi ba. Ku tafi da tsabar kuɗi da maka da salatif ku liƙa wa kowace leda suna a gabanshi kafin a loda, da kwali ko tsohon baho don kar su kife a hanya. In kuma kanya ko ɗorawa kuke so da yawa ku gaya mashi tun Fabrairu ko Maris, don suna buƙatar watanni a leda kuma ba ya rainon su da yawa sai an nema, ta haka za su isa dashe a Yuli lokacin da ruwa ya zauna.