Saƙo daga Gwanzu: allurar Sinawa da ƙafar Baba

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa na gida yana lafiya. Saƙonka na murya ya same ni daren Laraba ina wajen masu ɗaure kaya a unguwar Sanyuanli ta nan Gwanzu, na saurare shi har sau uku. Ka ce ƙafar Baba, da yake mai ciwon suga ne, ta ƙara matsa masa, da dare tafin yana zugi kamar ya taka garwashi, da rana kuma silifa kan zame masa a hanyar masallaci bai sani ba. Ka ce in sayo maganin jijiya na Caina in saka a kayan da za su taso. Kai ne na huɗu da ya roƙe ni haka a watan nan, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar a fili, duk mai irin wannan majinyaci a gida ya karanta.

Shekarata shida ke nan a Guangzhou, garin da mutanenmu ke kira Gwanzu, kuma ni ma na kwanta a gadon masu allurar Sinawa, wato masu tsira wa mutum siraran allurai a jiki don rage ciwo. Ɗaga dila da tsayuwar lodin kwantena suka bar min ciwon ƙugu, har ta kai sai na dafa bango nake tasowa daga sujada. Wani abokin ciniki Basine ya kai ni asibitin gwamnati na maganin gargajiya. Na tafi ina zaton zan tarar da rumfa irin ta 'yan magani a kasuwar Kurmi, sai ga bene mai hawa da yawa, da ɗakin gwajin jini, da na'urar ɗaukar hoton ƙashi da laka. Ta waya ake yankar kati, a biya ta manhajar WeChat, a jira lamba ta fito a allo. Kuɗin katin bai kai na farantin shinkafa biyu a unguwar Xiaobei ba.

Likitar dattijuwa ce. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna ta yi shiru tana sauraron bugun jini, ta sa na fito da harshe ta duba, daga nan ta tura ni hoto kafin ta taɓa ni da komai. Wannan ne abu na farko da ya burge ni: a gini ɗaya ake haɗa na gargajiya da na zamani, kuma mai allurar ta yi shekaru a jami'a, tana da lasisi. Ƙasar tana da dokar maganin gargajiya ta musamman da ta fara aiki a 2017.

Allurar siririya ce kamar gashin jelar doki, ba ta da rami, babu ruwan magani a cikinta. A gabana aka ɓare kowace daga ledarta, da aka gama aka zuba su a kwandon shara na asibiti. Shigarta ba zafi, sai dai in ta kai inda ake so ka ji wani nauyi da tsami yana bin naman. Suka maƙala wa wasu 'yan wayoyi masu ɗan girgiza, suka kunna fitila mai ɗumi a kaina, na yi kusan rabin awa a kwance. Ɗakin duk ƙamshin wani ganye da suke ƙonawa kusa da fata, ɗan uwan tazargade ne. Suna ƙaho ma, da kofin gilashi da wuta, yawanci ba tsaga ba jini. Wallahi wanzamanmu ba su gaza su iya hannu ba, inda suka fi mu shi ne ba a maimaita ƙarfe ɗaya a jikin mutum biyu.

Na je sau goma. Ciwon ya sauka ƙwarai, yanzu ina sallah ba dafa bango. Bai tafi gaba ɗaya ba, in na yi doguwar tafiyar jirgin ƙasa zuwa Yiwu yakan motsa. Daga baya na zauna na bi abin da masu bincike suka gano, na ga ya yi daidai da abin da jikina ya gaya min. A Jamus an gwada mutum 1,162 masu ciwon baya, aka fitar da sakamakon a 2007. Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar Sinawa sun samu sauƙi, su kuwa waɗanda aka bari a kan magani da gashin ƙashi na yau da kullum kashi 27.4 ne. Amma akwai rukuni na uku da aka tsira musu allura sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, su ma kashi 44.2 suka samu sauƙi. Ka ga ke nan allurar tana rage ciwo, sai dai bayanin da masu ita ke yi, cewa wai akwai hanyoyin da ƙarfin jiki ke bi kuma dole a kansu za a tsira ta, bai samu goyon baya a nan ba. A 2018 an tattara gwaje-gwaje 39 na mutum sama da 20,000, aka ga ta gaske ta fi ta bogi da ɗan kaɗan, ta fi zama ba allura da tazara mai kyau. Shi ya sa tun 2020 inshorar tsofaffi ta gwamnatin Amurka take biyan kuɗinta ga mai daɗaɗɗen ciwon baya.

To amma ciwona daban, na Baba daban, kuma a nan harshenmu yake ruɗa mu. Kalmar jijiya a wurinmu ɗaya ce, ta jini jijiya, ta agara jijiya, wadda ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. Mai talla da lasifika a bayan mota ya san haka, sai ya ce maganin jijiya, kowa ya ɗauka nasa ake nufi. Ta Baba ita ce ta ukun. Suga in ya daɗe a sama yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyoyin ji, yana farawa da mafi tsawo, wato na yatsun ƙafa, ya riƙa hawa. Kusan rabin masu ciwon suga suna haɗuwa da wannan. Ko jijiyar da wuƙa ta yanke likita ya ɗinke, tohonta kusan milimita ɗaya ne a rana, balle wadda suga ke ci kullum.

Na ɗauki hoton takardun Baba da ka turo na koma wajen dattijuwar nan da tafinta. Ban ƙarasa bayani ba ta tambaye ni nawa gwajin sugansa na wata uku ya nuna, shekara nawa yana shan maganin sugan nan metformin, an taɓa auna masa bitamin B12 ko a'a, don maganin yakan rage shi in an daɗe a kansa, ƙarancinsa kuma shi kansa yana kashe ƙafa. Ta ce allura takan rage wa wasu zugin dare, amma ba za ta yi min alkawarin dawo da jin da ya tafi ba. Ta ja min kunne kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi, don zai ƙone bai ji ba, gyambon mai suga kuwa ka san inda yake kaiwa. Maganarta ta zo daidai da binciken 2017 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara gwaje-gwajen lafiya tana tantance su, a kan allurar da ciwon jijiyar ji, inda suka samu gwaji 6 kacal na mutum 462, suka ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba.

Maganin sha kuwa, shi ne ya fi tayar min da hankali. Na sha zuwa kasuwar Qingping, inda buhunan saiwa da sassaƙe suke jere har ido ya gaji. A cikin abin da suke haɗawa don ciwon gaɓɓai da jijiya akwai busasshiyar kunama, da shanshani, da tana, wasu kuma a giya ake jiƙa su, musulmi sai ya yi tambaya kafin ya kai baki. A can na ga ejiao, wani ƙullin baƙi da ake dafawa daga fatar jaki, na tuna yadda jakuna suka yi tsada a kasuwanninmu har Nijar ta hana fitar da su a 2016. Akwai saiwar da suke kira fuzi, ana ba da ita don ciwo, amma dafi ce, in ba a sarrafa ta an dafa ta da kyau ba tana hargitsa bugun zuciya har ta kashe. A Baljiyam, farkon shekarun 1990, mata kusan ɗari ƙodarsu ta lalace bayan an musanya wata saiwa da wata a maganin rage ƙiba mai haɗin saiwar Sinawa. Baba mai suga ne, ƙodarsa dama lallaɓa ta ake yi.

A asibiti likita ce ke rubuta haɗin, a auna kowane da sikeli, a dafa a ba ka a ƙananan leda. Kwalayen ƙwayoyin da ake cika shaguna da su don masu fita waje, masu hoton ƙashin baya da jan rubutu, ban taɓa ganin irinsu a hannun likita ba. Hukumomin lafiya na Hong Kong da Singafo sun sha kama irin waɗannan magungunan ciwo da ake cewa ganye zalla ne, a tarar an zuba musu dexamethasone, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi, a ɓoye. Mutum zai sha ya ji garau kwana biyu, sugansa kuma ya yi sama.

Ba raina maganin mutanen nan nake yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba yaranmu daga ganyensu ya fito, Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarin a 1972 bayan sun bi tsofaffin littattafai, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace, aka auna, aka gwada a kan mutane kafin ya zama ƙwayar da ke kemis.

Don haka Yaya, ka yi haƙuri, ba zan sayo kwalin nan ba. Na sayi na'urar awon suga da tsinkenta na wata shida, da safa mai laushi marar ɗinki, da ɗan madubi da za a riƙa duba masa ƙarƙashin ƙafa kowane dare. Ka kai shi asibiti a yi gwajin wata ukun da na B12 da na ƙoda, ka gaya wa likita maganar zugin dare, akwai magungunan da aka yi don shi, kada wani ya ba shi tiramol. Rufaffen takalmi ne ya rage, ka sa ya taka takarda ka zana ƙafar, ka auna tsawo da faɗi ka turo min kafin Asabar a rufe kwantena. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce wa Baba ina masa sannu.